Kantar da Bappa Bai Kafa Mini Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Bappa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare bayan rasuwar ƙaninsa, ya cika ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar ƙofar gidanmu a Mubi ta cika, har sai da aka aro benci daga maƙwabta.

Ni ina cikin gida wajen mata. Wasu su ce mini Allah Ya ba da haƙuri, wasu su faɗe ta da Fulatanci, "Allah hokku munyal," ina amsawa ba tare da na ɗaga kai ba. Amma tagar ɗakin da muke zaune tana kallon rumfar maza, don haka duk abin da ake faɗa a waje yana shigowa kunnena. Kowa ya zo ya zauna, a shafa addu'a, sai ya ce, "Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri." Na ji ta sau ɗaya, na ji ta sau goma, har raina ya fara ɓaci. Ban san wane mutum suka zo yi wa ta'aziyya ba. Bappan da na sani kafinta ne mai taurin kai da saurin fushi, wanda ya taɓa korar wani babban ma'aikaci daga rumfarsa don kawai ya jingina da katakon da bai gama bushewa ba. Yana da amana, yana da tsoron Allah, yana da kyauta, duk na yarda. In za a yabi mamaci, ai sai a yabe shi da abin da yake da shi.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya yi kama da shi. Wani dattijo ne Kirista daga Michika, tsohon ma'aikacin asibiti, ya zo riƙe da hularsa a hannu. Da ya gama gaisuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan mutum ya wahalar da ni. Matana ya ce yana son kanta a saman ƙofa. Na zo nan sau bakwai, kullum sai ya ce katako bai bushe ba. Na yi fushi, na ce masa ya bar shi. Ya ce ko na bari ko ban bari ba, shi zai yi. Yau shekara ashirin da wani abu, bango ya tsage, ƙofa mun canja sau biyu, amma kanta ɗin yana nan kamar jiya aka sa."

Maza suka yi irin dariyar nan da ake saurin haɗiyewa a gidan makoki. Ni ban yi ba. Na juya fuskata bango na yi kukan da ban samu na yi ba lokacin da aka fitar da gawa. Rabin Mubi suna da kantar Bappa a ɗakunansu, har Bahuli da Michika, amma ni da ya riƙe, ya aurar, ba ni da ita. Ya rasu da wata magana tsakanina da shi a kan kanta, maganar da ban taɓa neman gafararta ba, kuma ban san ko ya yafe mini ba. Wannan shi ne abin da ya zauna mini a ƙirji tun ranar, shi ya sa ma nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san abin ba, kantar saman ƙofa katako ne shimfiɗaɗɗe da ake kafawa a bango ta cikin ɗaki, sama da ƙofa ko taga, mace ta jera abin da take ji da shi a kai: tangaran, langa mai fure, kaskon turaren wuta, wata ma har agogon da ya daina tafiya. Ba ta da wani amfani da ya wuce ado, sai dai yara ba sa kaiwa. Bappa ya iya gado, ya iya kujera da ƙyaure, da su ya ciyar da mu. Amma waɗannan yana yin su ne fuska a ɗaure, kamar mai shan magani. In ka gan shi yana aiki yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, to kanta ce a gabansa.

Guda huɗu yake haɗawa. Akwai shimfiɗar, akwai masu tallafe ta guda biyu da yake kira kafaɗu, sannan akwai leɓe, wato siririn katakon da ke gaba wanda yake hana kwano zamewa. A jikin leɓen nan yake sassaƙa ado, kuma ban taɓa ganin ya yi wa mata biyu iri ɗaya ba. Maɗaci kaɗai yake yarda da shi. Farin katakon da ake sayarwa yanzu, akwatin tumatir yake kiransa. Zai sayo maɗacin ya jingine shi a rumfa ya yi damina biyu, duk wanda ya zo da gaggawa amsa ɗaya ce: "Bari ya sha iska tukuna." Haka yake cewa in aka miƙa masa shayi mai zafi. Haka ya ce ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe shi lokacin neman aurena, ya bar bawan Allah zaune a zaure yana zufa har kusan awa guda.

Ba ya awo da tef. Hamma, babban ɗansa, wanda direba ne, ya taɓa sayo masa tef mai kyau daga Yola. Bayan kwana biyu muka ga ya ɗaure ƙofar akurkin kaji da shi. Awonsa karan dawa ne. In zai yi wa mace kanta, sai ya je gidan da kansa, ya yanke kara daidai faɗin ƙofar. Sai ya ce a kawo masa kwano mafi girma da za a ɗora, ya gwada, ya yi wa karan tsaga da wuƙa. Ya gwada tsakanin ƙofa da rufi, ya yi wata tsagar. A can ƙarshen karan kuma sai ya yi wata 'yar alama ta mai ɗakin, wadda shi kaɗai ya san karatunta. Bai yi boko ba, ajaminsa ma ba yawa, karan nan su ne ajiyarsa. Muddin yana kan aiki, karan yana ɗaure da tsumma a jikin katakon. In ya gama ba ya yar da shi, sai ya soke shi cikin wani dami da ya rataye a rufin rumfa. Yana iya zaro kara ɗaya ya gaya maka gidan wane ne, da shekarar da aka yi, da irin faɗan da suka yi da maigidan.

Ranar kafawa kuwa sai an yi shiru. Zai huda bango, ya cusa guntayen katako a ramukan, ya buga kafaɗun, ya ɗora shimfiɗar. Sai ya ce a cika masa tasa da ruwa fal, ya hau kujera ya ɗora ta a kan kantar, ya tsura mata ido. In ruwan ya taɓa bakin tasa daidai ta kowane gefe, sai ya ce "To," ya sauke ya shanye, ya kwashi kayansa. In ya karkata ko da kaɗan, zai cire komai ya sake daga farko, ko da mai gidan yana rantsuwa cewa shi bai ga wani aibu ba.

Zan faɗi alherinsa ɗaya, don kada a ce haushi kaɗai na zo da shi. Shekarar da muka gudu muka bar gari saboda tashin hankali, da muka dawo bayan watanni, gidaje da yawa a layinmu ba ƙyaure. Bappa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Akwai maƙwabciyarmu, tsohuwa mai zaman kanta, wadda aka kwashe mata komai. Da ya kafa mata ƙofa, washegari sai ga shi da kanta a kafaɗa. Ba shi da busasshen katako a lokacin. Ta ɗakin marigayiya matarsa ya ciro, wadda bai taɓa yarda kowa ya taɓa ba, ya rage mata tsawo ta yi daidai da tagar tsohuwar.

"Baba, me zan sa a kai?" in ji ta. "Ko cokali ba su bar mini ba."

Ya ce, "In kina ganinta kullum babu komai, za ki tashi ki nemo."

Bayan wata guda ta samo kofuna biyu na roba ta ɗora. Ya shiga ya gani, ya yi mata faɗa wai ta jera su a karkace.

To, ga tawa. Ni malamar firamare ce. Ni da maigidana mun ɗauki shekaru muna gina gidanmu a bayan gari, yau bulo ɗari, gobe kwano bandir ɗaya. Tun ana haƙa tushe Bappa ya ce kantar ƙofar falo tasa ce, kada in kuskura in nemi wani. Na ji daɗi har cikin raina. Aka gama, aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan madara wanda na zaɓa da kaina, aka sa ranar walima. Saura kwana biyar ya zo da karansa da wuƙarsa.

Ya yanke karan, ya yi tsagoginsa, ya hau kujera ya kara shi a saman ƙofa. Sai na ga ya tsaya. Ya sauko, ya ja da baya har tsakiyar falo, ya rufe ido ɗaya. Ya sake hawa, ya sa yatsunsa biyu a gefen hagu.

"Wa ya zuba miki lintar saman ƙofar nan?"

Na gaya masa.

"Ta karkace. Hagu ya sauka da yatsa biyu."

"To, Bappa, ai ba mai gani."

"Yanzu ba mai gani. In na kafa kanta a miƙe, kowa zai gani, don ratar da ke tsakaninta da ƙofa za ta fi faɗi a gefe ɗaya. In kuma na bi karkatar bangon, kwanukanki za su gangara. Ki kira maginin ya fasa filastar nan ya daidaita."

Na dubi fentina sabo fil. Na tuna kwana biyar, da dangin maigidana da za su zo daga Michika, da ƙurar siminti a kan labulen da na riga na rataya. Na roƙe shi ya kafa haka nan, daga baya a gyara. Ya ce a'a. Na ce ya raba bambancin, yatsa ɗaya ga bango, yatsa ɗaya ga kanta. Ya dube ni kamar na ce ya rage raka'a a sallah. Maigidana ya shigo yana ba da baki, Bappa bai ko kalle shi ba.

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Bappa, kanta ce fa, ba gadar kogi ba." Da na tsaya a nan da da sauƙi, don ya saba da bakina, shi ya rene shi. Amma ban tsaya ba. Na ce, "Wannan halin naka ne ya sa mutane suka daina kawo maka aiki."

Gaskiya ce, kuma saboda gaskiya ce ta yi ciwo. A shekarun nan matasa sun buɗe shaguna suna haɗa kanta mai sheƙi a yini ɗaya, rumfar Bappa kuwa sai ta yi wata ba wanda ya leƙo. Duk gidan mun sani, ba mai faɗa. Na zaci zai yi ihu yadda ya saba. Bai yi ba. Ya sauko daga kujerar a hankali, ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya sa wuƙarsa a aljihu, ya ɗauki karan ya fita.

Washegari na je kasuwa na sayo ta shago, baƙa mai ƙyalli da bakin zinare, aka ɗaura mini ita cikin minti ashirin. Ranar walima kowa ya yaba. Bappa ya zo, ya yi addu'a, ya ci abinci, amma a waje ya zauna. Damina ta farko kantar ta sha laima ta kumbura, cikinta ya lotsa. Damina ta biyu ta zubo da rana tsaka, ta fasa mini tangaran ɗin aurena gaba ɗaya. Na share, na cire ƙusoshin, na bar ramukan a bango. Na gargaɗi kowa a gidan kada labarin ya kai kunnen Bappa, kuma na tabbata kafin magariba ya kai.

Kada a ɗauka gaba muka yi. Da gaba ce ma da an samu mai sulhu. Kowace Juma'a bayan masallaci yana biyowa ta gidana, ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, in kai masa kunun gyaɗa, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta, ya yi ƙorafin tsadar ƙusa. Sai dai bai sake taka falon ba. In na ce ya shigo daga ciki, sai ya ce nan ma akwai iska. Sau nawa na shirya maganar a bakina, in fito da kunu, in ga fuskarsa, in haɗiye. In ce bari a yi hutun makaranta. In ce bari a sha ruwa, ranar Sallah in durƙusa in haɗa da gaisuwa. Sallah shida suka wuce a haka. Wani lokaci har haushinsa nake ji, in ce ai shi ne babba, shi ya kamata ya ce ya wuce.

Da ya kwanta ciwo, na zauna a gefensa kwana huɗu. Ɗakin bai taɓa zama ba mutane ba. Ranar da na samu muka rage mu biyu, ya riga ya daina magana. Na ce masa ya yafe mini. Idonsa a buɗe yake, amma ban san ko ya ji ba.

Shi ya sa tun ranar rasuwar hankalina yake kan rumfarsa. Na ce in aka yi sadakar uku, mutane suka ragu, zan shiga in duba. In ya yar da karana, na san matsayina. In yana cikin damin, ko yana ɗaure a jikin wani katako, shi ma na sani. Ban iya karanta alamominsa ba, amma na ga lokacin da ya yi nawa, zan gane shi.

Ranar sadakar uku aka wayi gari da ruwa. Goggo, ƙanwar Bappa, ita ce kan girki, da mata kusan goma a tsakar gida suna fama da manyan tukwane. Na fito daga ɗaki zan kai ruwa, sai na ga wuta tana ci bal-bal a duk murahun, alhali ɗazu hayaƙi ne kawai. Na duba da kyau. A bakin murhu ɗaya ga guntun kara yana ci, da tsaga uku a jikinsa.

"Goggo, daga ina aka samo karan nan?"

"Daga rumfarsa. Itace duk ya jiƙe, tun safe muke hawaye. Allah Ya taimake mu na tuna da damin nan da ya rataye."

"Duka kuka ɗebo?"

"Duka mana. Har da wani da ke ɗaure jikin katako. Kara ne fa, ke."

Na ajiye bokitin na sa hannu cikin wutar ina zaro abin da ya rage. Guntaye ne baƙaƙe, ba wanda ya kai tsawon tafin hannu. Aikin shekara arba'in, kowace ƙofa da kowace taga da ya taɓa aunawa, an dafa shinkafa da su. Na yi wa Goggo ihu a gaban baƙi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shekara nawa tana shiga gidan nan ba ta taɓa tambayar abin da karan suke ba. Ta ce ita ta ɗauka cikin rigimarsa ne, mutumin da yake ajiye lanƙwasasshiyar ƙusa a gwangwani. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Sadakarsa aka dafa da su, ladan ma nasa ne." Me zan ce da wannan? Kafin a sauke tukunya na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ko awa ɗaya ban ɗauka ba, kuma bakina bai yi ciwo ba.

Da yamma Hamma ya buɗe mini rumfar. A kan bencin aikin ga kanta an gama ta, ba a dai haɗa ba: shimfiɗa, kafaɗu biyu, da leɓe. Maɗaci ne ja, an goge shi sumul. A jikin leɓen an sassaƙa wasu 'yan ƙananan abubuwa huɗu-huɗu, jere daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsumman yana nan ɗaure, ƙullin ya saki inda aka zare karan.

"Ta wace ce, Hamma?"

"Wallahi ban sani ba. Tun kafin azumi yake kanta. Kin san shi, ba ya faɗa." Sai ya ƙara da cewa, "Ki ɗauka. Wa zai yi wa irin wannan in ba ke ba?"

Abin da nake son ji ke nan, ban kuma sake tambaya ba. Na kai ta gida na gwada, ta yi daidai da faɗin ƙofata. Maigidana ya buɗe baki zai ce wani abu, na san me zai ce, cewa ƙofofin ƙarfen Mubi duk faɗinsu ɗaya ne tunda masu walda suka karɓe aikin. Na harare shi ya yi shiru. Adon leɓen kuma na ce fure ne, irin wanda ke jikin langar aurena, Bappa ya tuna ke nan. Na naɗe ta a zanena mafi kyau na ajiye a kan gado na baƙi.

Ba zan kafa kantar Bappa a karkataccen bango ba, wannan ko ba a gaya mini ba. Na kira magini. Ya zo da safe bayan na tura yara makaranta, ya fasa filastar saman ƙofar, ya cike gefen hagu, ya ja igiya, ya shafe. Kafin kiran la'asar yana wanke hannu. Ƙurar da na ji tsoro, tsintsiya ɗaya ta kwashe ta. Na tsaya ina kallon ɗanyen simintin, wani irin takaici ya taso mini har na kasa yi wa mutumin sallama. Ya ce a bar shi mako biyu ya bushe kafin a huda.

Saura kwana biyu makon biyun su cika, ina gidan Bappa muna rarraba tufafinsa, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, ɗauke da ƙullin gyaɗa a ka. Daga Gude take, manomiya ce. Ta ce sai jiya labari ya same ta, ruwa ya ɓata hanya. Ta yi gaisuwa, ta yi kuka, ta sha ruwa. Da za ta tashi sai ta dubi Hamma tana murza bakin zanenta.

"Ɗana, ba don shi na zo ba, Allah Ya sani. Amma Baba ya yi mini alkawarin kanta. Na gina ɗaki da noman gyaɗa, shekara biyar ina tarawa. Na ce masa ya sa mini ganyen gyaɗa a gaba, huɗu-huɗu yadda yake a gona. In bai gama ba, shi ke nan, na yafe."

Ni da nake koya wa yara sassan tsiro a allo, na yi kusan mako biyu ina kallon ganyen gyaɗa ina kiransa fure. Hamma ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce mata, "Za a duba, Mama." Ya bar mini ƙofa a buɗe ke nan. In na yi shiru, za ta koma Gude, ba wanda zai sake tayar da maganar, jibi a kafa mini kanta, duk mai shigowa in ce masa Bappa ya yi mini kafin ya rasu. Ba zan ɓoye ba, na yi shirun, har ta kai bakin zaure tana neman takalminta. Sannan na ji bakina ya ce, "Mama, tana gidana. Zo mu je."

Muka hau keke zuwa gidana. Na shiga na ɗauko ta, na warware zanen a tsakiyar falo. Ta durƙusa tana shafa leɓen da yatsa, tana cewa, "Shi ne, shi ne. Kai, Baba." Ni kuwa ina tsaye ina jin kamar a ce ta yi sauri ta tafi. Da ta miƙe sai idonta ya sauka a saman ƙofa, inda sabon siminti ya yi dabam da fenti. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ke ne yarinyan? Wanda bangonsa ya karkace?"

Na ce ni ce.

"Ayya. Ranar da ya je auna nawa, ya ce katakon da ya ajiye ya isa biyu. Ya ce rabi nawa, rabi na 'yarsa, amma yana jira ta miƙar da bango. Na ce, Baba, ka gaya mata mana. Ya ce, ta sani."

Na raka ta tasha, na sa aka ɗaure mata kantar da kyau a bayan mota don kada leɓen ya karye. Daga nan ban koma gida ba, na wuce rumfar. A bayan ƙyaure, inda ban duba ba, ga rabin maɗacin a jingine, busasshe ƙarau, an goge fuska ɗaya, ba a sa masa zarto ba. Hamma ya ce in kai wa wani kafinta ya yi mini. Wane kafinta? Yana nan a ɗakina a jingine har yau.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin riƙon da ya yi mini. Ina yi masa wannan addu'a bayan kowace sallah da zuciya ɗaya, kuma har yanzu ina jin haushinsa, ina jin nawa ya fi. Kalma ɗaya zai faɗa in kira magini. Kalma ɗaya zan faɗa ya ɗauko zarto. Muka zauna shekara uku a benci ɗaya muna hirar tsadar ƙusa, ga shi ga ni, aikin da ya raba mu kuwa bai kai yini guda ba.

Na sani, Bappa, kamar yadda ka faɗa. Bangon ya miƙe yanzu.